Ku Daina Raba Majinyata da Maganinsu da Sunan Ƙasa Ta Mutu

Da ku nake, masu tallar kafso da garin ƙarin gina jiki a zaurukan WhatsApp da ɗakunan taro na otal da gidajen biki. Kullum zancenku ɗaya ne: wai takin zamani ya kashe ƙasa, abincinmu ya zama dusa, shi ya sa ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda suka yawaita, kuma waraka tana cikin robar da ke hannunku. Ƙarya ce kuka yi wa ado da guntuwar gaskiya, kuma tana cin rayuka.

Ba a musun cewa ƙasa tana shafar lafiya. A 1935 wani ciwon zuciya ya ɓarke a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin Sin, yana kashe yara da mata masu shekarun haihuwa. Daga baya aka gano ƙasar yankin tana da ƙarancin sinadarin seleniyam, aka riƙa ba yara shi a shekarun 1970, cutar ta ja da baya sosai. Ƙasar Finlan ta fara zuba shi cikin taki a 1984. Mu ma nan mun san maƙoƙo, mun kuma ga yadda ya ragu da aka sa aidin a gishiri. A duk waɗannan, sai da aka auna ƙasa, aka auna jikin mutane, aka gano abu guda da ya yi ƙaranci a wuri guda, sannan aka cike giɓin da abu mai araha. Ku, gonar wa kuka auna? Jinin wa kuka kai ɗakin gwaji kafin ku karɓi kuɗinsa?

Binciken da ake yawan jingina da shi ma bai goyi bayanku ba. A 2004 Donald Davis na Jami'ar Teksas ya kwatanta kayan lambu iri 43 tsakanin 1950 da 1999, ya ga wasu sinadarai shida sun ragu, daga kashi 6 zuwa kashi 38 cikin ɗari. Amma ya fi ɗora laifin kan sauya iri, wato zaɓen iri mai saurin girma da yawan yabanya. Bai ce ƙasa ta mutu ba, bai kuma ce a bar alayyafo da wake a koma kafso ba.

Su kansu ƙwayoyin an gwada su, kuma ba a kan mutum biyar da suka tashi a taro suka ba da shaida ba. A Finlan an bi maza masu shan taba fiye da 29,000, sakamakon ya fito a 1994: waɗanda aka ba beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwaji mai suna SELECT ya ɗauki maza fiye da 35,000. Seleniyam bai kare su daga sankarar mafitsara ta maza ba, bitamin E kuwa ƙara haɗarin ya yi da kashi 17. A 2018 gwajin VITAL a Amurka, kan mutum kusan 26,000, ya nuna bitamin D bai rage kamuwa da sankara ko bugun zuciya ba. Wanda jikinsa bai rasa abu ba, ƙara masa ba ya warkar da shi, wani lokaci ma cutar da shi yake yi.

Akwai inda ƙarin yake da amfani, likitoci ne ma kan gaba wajen bayar da shi: folik asid da maganin ƙarin jini ga mai juna biyu, zinki ga yaro mai gudawa, bitamin B12 ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin idan gwaji ya nuna ya ragu. Duk masu araha ne, kuma ba wanda ya ce suna maye gurbin magani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kalmar da kuke raɗa wa majinyaci: "Baba, ajiye na asibitin nan, kemikal ne." Dattijo ya kwashe kuɗin fanshonsa ya sayi robobi uku, ya tura metformin ƙarƙashin katifa. Sati biyu yana cewa ya ji sauƙi, domin suga ba ya ihu idan yana ɓarna. Sai ɗan ƙaramin miki ya fito a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ido ya fara hazo. Mai hawan jini kuma sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar da ake neman kuɗin wankin ƙoda, ku kun karɓi kamashonku kun wuce gida na gaba. Har da masu ilimi a cikinku, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, waɗanda jama'a ke saye saboda ganin girmansu. Laifin waɗannan ya fi nauyi.

Kada ku fake da lambar NAFDAC. Ku juya robar ku karanta ƙananan rubutun: a kan irin waɗannan kaya hukumar kan sa a rubuta cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwa ba.

Ku ji tsoron Allah. In za ku sayar, ku faɗi abin da ke ciki kawai, ku cire bakinku daga maganin da likita ya rubuta. Kai kuma ɗan'uwa mai jinya, kafin ka haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, ɗauki robar ka kai wa likitanka ko mai harhaɗa magunguna ya duba, kuma ka ci gaba da shan maganinka.