An Ɗinka a Nsukka, An Rataye a Jamus

A shekarar 2019 gidan baje kolin fasaha na Haus der Kunst da ke Munich ya tattara ayyukan El Anatsui na kusan shekara hamsin: sassaƙen itace, ginin yumɓu, da manyan labulayen da yake ɗinkawa da murafan kwalaben giya da wayar jan ƙarfe. Daga Jamus nunin ya wuce Doha, ya wuce Bern. Bai taka Najeriya ba.

Mutumin nan haifaffen Gana ne, amma tun 1975 ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka. Murafan daga shararmu aka tsinto su, matasan garin ne suka huda su, suka ɗinke. Yau wanda ya yi ɗinkin sai ya nemi biza kafin ya ga aikin hannunsa a rataye.

Kada a ce Turawa sun yi sata. Saye suka yi, kuma mashirya nunin, Okwui Enwezor da Chika Okeke-Agulu, 'yan Najeriya ne. Laifin na gwamnoninmu da attajiranmu ne, masu gina ɗakunan biki a kowace unguwa, amma aka rasa wanda zai ce a kawo nunin gida ko na wata ɗaya.