Jama'a, Mu Ƙwato Darasin Kiwon Lafiya Daga Hannun Wasa

Jama'a, a ara mini kunne. Maganata da duk wanda ya sallami ɗa ko 'ya zuwa makarantar sakandare da safen nan ce, da malamin da ya karɓe su, da su kansu ɗaliban.

Shekarun baya, a wata makaranta da na koyar, farfaɗiya ta kayar da wani yaro ɗan aji biyu ana tsakiyar asambuli. Kafin ƙiftawar ido layuka sun watse, kowa na gudun kada yawun bakinsa ya taɓa shi. Wani babban ɗalibi ya sheƙa kicin ya dawo da cokali zai cusa masa a baki. Wannan na cewa a danne ƙafafun, wancan na cewa a kawo ruwa a ɗura masa. Mu malamai muna tsaye cirko-cirko. A taron nan kaf babu wanda ya ce a janye benci daga kusa da shi, a naɗe riga a tallafe masa kai, kada a sa masa komai a baki, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar sai asibiti. Babu wanda ya ce farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu. Duka-duka abin bai fi ƙarfin darasin minti arba'in ba. Kuma minti arba'in ɗin na nan a rubuce jikin jadawalin da ke manne a ofishin malamai, duk Laraba bayan an dawo daga tara. Mu ne muka mayar da shi lokacin sharar aji da kwafar aikin lissafi.

Kada wani ya ce ba a tanada ba. A ƙaramar sakandare akwai darasin motsa jiki da kiwon lafiya. A babbar sakandare ilimin kiwon lafiya na cikin darussan da WAEC da NECO ke shirya wa jarrabawa. Tun 2006 Nijeriya ke da manufar ƙasa a kan lafiya a makarantu. Takarda ta yi nata. A aji ne abin ya lalace: darasin da ake miƙa wa duk malamin da ba shi da abin yi, darasin da ake cinyewa in jarrabawa ta matso, darasin da ɗalibai ke jira don su yi barci ko su yi shewa.

Ku dubi abin da ke jiran yaran nan a bakin ƙofar makaranta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan na ɗauke da AS, wato ƙwayar gadon sikila, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan jariran da ake haifa da sikila. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin sikila. Madalla. Amma ranar da soyayya ta yi nisa, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, ai an makara da fara jin labarin AS. A aji ya kamata a ji shi, tun zuciya ba ta kamu ba. A 2018 binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗunsu mace ce. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Doka ta rufe ƙofar kamfani, amma ba ta koya wa yaro abin da zai ce ba ranar da aboki ya miƙo masa gorar lemo ya ce, “Ɗan taɓa ka ji.” A 2021 amai da gudawa ya kwantar da mutum fiye da dubu 100, ya kashe fiye da dubu 3, akasari a jihohin Arewa. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala allurar riga-kafi ba. Duk waɗannan, darasin da muke rainawa yana da abin cewa a kansu.

To, aji ba ya gyaruwa da fatar baki. Sai da ƙa'ida, a karanta ta ranar farko, a rubuta ta a kwali a manna kusa da allo, ta hau kan ɗalibi ta hau kan malami.

Ta farko, amana. Abin da ɗalibi ya faɗa a wannan aji ba ya zama labarin hostel ko na bakin famfo. Sai dai malami ya gaya musu tun farko cewa in ya ji ana cutar da wani, ko rayuwarsa na cikin haɗari, ba zai yi shiru ba, zai nemo masa taimako.

Ta biyu, babu dariya, babu laƙabi. Yarinyar da al'ada ta zo mata ba shiri ta ɓata mata siket, aka yi mata ihu sau ɗaya, ba za ta ƙara ɗaga hannu ba har ta gama makaranta. Haka yaron da muryarsa ke fashewa, da mai ƙiba, da mai sikilar da ake ce wa ragon aji. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa ba'a, sai ya ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka yi dariyar.

Ta uku, tambaya ba ta da laifi. A samo gwangwanin madara, a tsaga murfinsa, a ajiye a bayan aji. A raba wa kowa 'yar takarda, kowa ya ninke ya jefa, har wanda bai rubuta komai ba, don kada a gane mai tambaya. Malamin da ya taɓa buɗe irin wannan gwangwani ya san abin da ke ciki: “Ina fitsari da jini, shin balaga ce?” Yaron da ke wanka a kududdufi ne, tsargiya ke cin sa, kuma maganinta na nan a asibiti. Da babu gwangwanin, da abokinsa ne zai ba shi amsa.

Ta huɗu, ba a kama sunan kowa, kuma ba a tilasta wa kowa ya tona cikinsa ko na gidansu. A ce “wani mutum”, ya wadatar.

Ta biyar, magana da ladabi, amma a fili. Masu cewa zancen balaga zai buɗe wa yara ido, ku tuna Ahalarin da ake karantar da su a Islamiyya yana da fasalin haila da na jinin biƙi. Malamanmu na da ba su ɓoye ba, cikin mutunci suka koyar. In an zo irin waɗannan babuka a raba aji, malama ta zauna da 'yan mata, malami ya zauna da samari. Abin da muka ƙi faɗa musu da kunya, waya na faɗa musu babu kunya.

Ta shida, da hannu ake koyo. Kowane ɗalibi ya juye ledar fiya wata biyu a kwano, lita ɗaya ke nan, ya zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin cokali, ya dama, ya ɗanɗana. Ya nuna yadda ake tsayar da haɓo: a sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti goma. Ya san ƙuna ruwa mai sanyi take so, na minti ashirin, ba ƙwai ko makilin ko manja ba. Don sikila kuwa, a kawo kwano biyu, na uwa da na uba, kowanne da farin wake ɗaya da ja ɗaya, farin a matsayin A, jan a matsayin S. A rufe ido a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can, a mayar, a sake, har sau arba'in, ana rubutawa a allo. Duk sanda ja biyu suka haɗu, SS ke nan, wato sikila. Da idonsu za su ga cewa kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu, kuma ja biyu na iya fitowa sau uku a jere. Gani ya kori ji. A kan irin wannan ya kamata a ba da maki, ba haddar sunayen ƙasusuwa kaɗai ba.

Ta bakwai, duk abin da aka tsinto a TikTok ko WhatsApp a kawo shi aji a tankaɗe: wa ya faɗa, me ya sani, me yake sayarwa? Shi ma malami ya san iyakarsa. Ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, asibiti yake nunawa.

Ta takwas, filin wasa na kowa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matashi na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma ba ta ce ban da 'yan mata ba. A ba su filinsu da lokacinsu da suturar da ta dace. A kuma daina horo da tsallen kwaɗo, don yaron da aka azabtar da motsa jiki ƙin sa zai yi har tsufa.

Ku kuma shugabannin makarantu, ƙa'idar nan ta hau kanku. Yaya za a koyar da wanke hannu a makarantar da ba ta da ruwa? Yaya za a yi zancen tsafta alhali ban-ɗaki ya toshe tun zangon bara, yara na zagawa bayan katanga? Randa da buta da sabulu, akwatin taimakon gaggawa mai kaya a ciki, audugar mata a hannun wata malama: wannan bai kai kuɗin walimar yaye ɗalibai ba.

Iyaye, ku je taron iyaye da malamai, kada ku tsaya ga zancen kuɗin makaranta. Ku tambaya: wane ne ke koyar da darasin lafiya, me ya karanta, sau nawa ya shiga aji a zangon nan? Limamai da masu wa'azi, ku sa baki, don jama'a na jin maganarku. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke unguwanninmu, ku ba makarantar da ta raine ku awa ɗaya a zango. Ma'aikatun ilimi, ku turo malaman da suka karanci fannin, ku hana a cinye lokacinsa. Ku kuwa 'ya'yana ɗalibai, in malami bai shigo ba, monita ya je ofis ya ɗauko shi. Haƙƙinku ne, kuma jikinku ne.

Har yau ina tuna ɗalibin nan mai cokali. A ranar ya fi mu duka zuciya, domin shi kaɗai ya nufi inda kowa ke gudu. Abin da ya rasa, mu muka hana shi. Irinsa na nan a kowane aji, a shirye suke su ruga ceton ɗan'uwa, jira kawai suke a nuna musu yadda ake yi. Laraba na tafe. A ajiye tsintsiya, a buɗe aji, malami ya shiga.