Cutar furanni ba ta tsayawa a lambun ado

Tun shekarun 1940 masu lambu a Amurka da Kanada ke ganin wata cuta tana murɗe rassan wardi har itacen ya mutu. Sai a 2011 masu bincike na jami'ar Arkansas suka gano ƙwayar birus da ke haddasa ta, ta hanyar karanta tsarin halitta: a niƙa ganye, na'ura ta karanta duk abin da ke ciki, a ware na itacen, ragowar ya tona asirin baƙuwar ƙwaya. Tsohon gwaji kuwa ƙwayar da aka riga aka sani kaɗai yake kamawa.

Batun ya wuce ado. Akwai birus ɗin da ke kama furanni da tumatir da tattasai da gyaɗa, ƙananan ƙwari ne ke yaɗa shi, kuma dashen fure na iya ƙetare iyaka da shi ba tare da wata alama ba.

Sai dai ba kowace ƙwaya da na'ura ta gano ke cutarwa ba. Nan hukumomin kare tsirrai ke shiga tsaka mai wuya: su tsare kaya, ɗan kasuwa ya yi asara, su sake shi, manomi ya biya.