Mai gidan da ya ƙi takardar albashi, shi ya buɗe wa ɓarawonsa ƙofa

Ƴan uwa, da an ce ma'aikatan bogi sai hankalinmu ya tafi wajen gwamnati. Amma irin wannan satar tana nan kusa da mu: a gidan burodi, a lekol mai zaman kanta, a kamfanin masu gadi, a gidan mai, a wurin da ake ƙulla ruwan leda. Ba ta shiga labaran rediyo don kuɗin ba su kai miliyoyi ba. Jikka goma nan, jikka ashirin can, wata bayan wata.

Yadda ake yin ta ba wani abin mamaki ba ne. Mutum guda ke riƙe da jerin sunayen ma'aikata, shi ke lissafi, shi ke karɓo kuɗin wajen mai gida, kuma shi ke rabawa. Yaro ya bar aiki ya tafi Agadas ko Kano tun bara, sunansa na nan. An ba ma'aikaci bashin jikka biyar tsakiyar wata, ƙarshen wata a cire masa goma. A rubuta awoyin ƙari da ba wanda ya yi su. Mai gadi ya dangwala yatsa a kan jikka 42, a damƙa masa 30, ya yi shiru don ya san akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Mai gida yana kasuwa ko yana tafiya, abin da yake gani kawai jimla ce a ƙasan takarda.

To amma ni abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wanda masu gida ba sa son a taɓo. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato SMIG, ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Doka kuma ta wajabta a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS: ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashinsa, mai gida ya ƙara nasa kason, a zuba duka a asusun. A kan albashin 42,000, kason ma'aikaci sefa 2,205 ne a wata. Akwai masu cire wannan kuɗin su sa aljihu. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa yi wa kowa rajista ba. Ma'aikaci ba ya ganewa sai ran da inji ya cinye masa yatsa, ko ya kai shekara 60 ya je neman haƙƙinsa a ce masa sunansa ma babu. Wannan ma satar albashi ce, ko da mai yin ta yana sahun gaba a masallaci.

Kuma abubuwan biyu a haɗe suke. Mai gidan da ke gudun CNSS da haraji ba ya son takarda, ba ya son sa hannu, ba ya son duk abin da zai bar sawu. Shi ke nan ya kashe fitila da hannunsa. A cikin wannan duhun ne mai riƙe masa lissafi ke ƙara sunaye, kuma ko ya kama shi, ina zai kai ƙara? Da wace shaida? Ya san in aka buɗe littafin, nasa laifin ne zai fara fitowa.

Za a ce mini ai amana ce, ɗan ƙanena ne ke riƙe da kuɗin. Madalla. Ɗan ƙanen naka ma takarda ta fi yi masa amfani, don ran da kuɗi suka yi giɓi ita ce za ta wanke shi.

Gyaran bai buƙatar kwamfuta. Wanda ya rubuta jerin sunaye kada ya zama shi ne mai raba kuɗi. Mai gida ya zauna da kansa ranar biya, ko da sau ɗaya a wata uku kuma ba tare da sanarwa ba, ya kira suna ya ga fuska. Kowane bashi a rubuta shi ranar da aka bayar, mai karɓa ya sa hannu. In ta Airtel Money ko Nita ake biya, lambar ta kasance da sunan ma'aikacin kansa. Suna biyu a kan lamba guda, a tsaya a yi tambaya. Sannan kowa ya karɓi takardar albashinsa, wadda ta nuna abin da ya samu da abin da aka cire da dalilin cirewa. Wanda bai iya karatu ba yana da ɗa ko maƙwabci da zai karanta masa.

Ku kuma ma'aikata, ku nemi lambarku ta CNSS. Ku je ofishinsu na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ku tambaya ko ana zuba muku kuɗin. In babu, Inspection du travail don irin wannan aka kafa ta. Na san tsoron kora gaskiya ne, shi ya sa kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ku je ku uku, ku huɗu, kowa da takardunsa a hannu, ko da ƴar takardar da aka rubuta bashi ce a kai.