Gilashi a Rufin Ɗaki: Inuwar Waje Ta Fi Labulen Ciki

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga birnin Damagaram ta nufi Mirriya, har ya zarce zuwa ƙauyukan Hamdara, ba zai rasa lura da wani sabon salon gini ba, wanda ya faro daga gidajen attajirai da manyan ma'aikata na birni, sa'an nan 'yan ci-rani da suka komo da ɗan abin hannu suka kai shi karkara: bangon bulo, rufin kwano, manyan tagogi na gilashi, wani lokaci har da falle ɗaya na roba mai haske da akan saka a tsakiyar rufin domin rana ta haskaka falo. Mai gida yakan tare a cikin hunturu, 'yan'uwa na ta sa albarka, amma da zarar bazara ta kankama sai a gan shi a kasuwar Dole yana taya labule mai kauri, yana zaton da shi zai kori zafin da ya hana iyalinsa zaman ɗaki tun daga hantsi har bayan la'asar. Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, labulen da aka rataya daga ciki ba ya maganin zafi sai kaɗan, kuma wanda ya riga ya buɗe wa rana ƙofa a rufinsa ba shi da mafita illa ya tare ta daga waje.

Dalilin haka a fili yake. Hasken rana yana ratsa gilashi ba tare da wani cikas mai yawa ba, amma idan ya sauka a kan daɓe ko kujera ko yadi sai ya rikiɗe ya zama zafi, shi kuwa zafin ba ya samun hanyar komawa ta inda hasken ya shigo. Saboda haka labulen ciki, komai tsadarsa, yana karɓar ranar ne bayan ta riga ta shiga ɗaki, ya ɗumama, ya saki ɗuminsa ga mazauna. In ya kasance baƙi ne ko ja mai duhu, irin wanda ake so domin kwalliyar ɗakin amarya, abin sai ya daɗa muni. Masana sun auna cewa da tsakar rana, idan sama ta washe, kowace murabba'in mita ɗaya ta fili tana karɓar kimanin wat 1000 na ƙarfin rana, wato kwatankwacin dutsen guga na lantarki da aka bari a kunne. Yankinmu na Damagaram kuwa yana wajen digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya, inda rana take tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Na Agusta gajimaren damina yakan sassauta shi. Na Afrilu kuwa ya faɗo ne a tsakiyar kwanakin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, kuma a lokacin tagar da ke kwance a rufi ita ce take fuskantar rana ido da ido.

Ya kamata mu san inda wannan al'ada ta yawaita gilashi a gini ta fito, domin kowane gini amsa ce ga larurar ƙasar da ta haife shi. Ɗakin gilashi da Turawan Ingila suke jinginawa da gidajensu ya bunƙasa ne a ƙasar da ke sama da digiri 50 a arewa, inda rana take ƙaranci a lokacin sanyi har mutane su yi begenta, kuma asalin manufarsa ita ce a tsare itatuwan ƙasashe masu zafi, irin su lemo, kada sanyi ya kashe su. Amma ko a can, lokacin da Joseph Paxton ya gina katafaren zauren gilashin nan na Crystal Palace a Landan domin baje kolin 1851, sai da aka shimfiɗa akoko a bisa rufinsa daga waje, don a rage zafi da ƙyallin da za su addabi masu kallo. Idan mutanen ƙasar hazo sun ga wajibcin rufe gilashinsu ta waje, ban ga hujjar da mutumin Hamdara zai kafa ya bar nasa tsirara ba.

Maginan da suka ɗora gidajen unguwar Birni da na Zango, da fadar Sarkin Damagaram, ba su karanta lissafin wat ba, amma sun san ranar ƙasarsu sani na haƙiƙa. Sun yi bango mai kauri da tubali, wanda yake shanye zafin yini a hankali, bai kai ga ciki ba sai dare ya yi. Sun jera azara suka danne ta da ƙasa. Tagar kuwa suka yi ta ƙarama, can sama kusa da rufi, inda iska mai zafi take taruwa ta fice. A bakin ƙofa sai su saki asabari. Wanda ya taɓa zama a bayan asabari da azahar ya san abin da nake faɗa: haske yana shigowa sirara-sirara ta tsakanin tsaure, iska tana wucewa, na ciki yana ganin mai tahowa alhali na waje ba ya ganinsa, kuma idan aka taɓa fuskarsa ta waje a ji ta da zafi, ta ciki kuwa da dama-dama. Duk abin da masu sayar da labulen zamani suke yi wa talla, wannan tabarmar ƙofa ta riga ta tara shi, kuma saƙar mutanen karkararmu ce.

To, wanda ya riga ya saka gilashi ko roba a rufinsa fa? Shawarata ita ce ya sa mai walda ya ɗora masa ɗan firam na ƙarfe a bisa tagar, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya ko biyu, sa'an nan a shimfiɗa asabari ko zana ko ragar inuwa irin ta masu lambu a kai, a ɗaure tamau da waya. Wannan tazarar ita ce ruhin aikin, domin ta nan iska take bi ta kwashe zafin kafin ya taɓa gilashi. In aka kwantar da zanar kai tsaye an rage amfaninta ƙwarai. A zaɓi abu mai farin launi ko ruwan ƙasa mai haske. A ɗaura shi da shigowar Maris, a duba ɗaurin kafin guguwar farkon damina wadda ba ta barin abin da aka yi wa sako-sako, a kuma sauke shi idan sanyin Disamba ya shigo, lokacin da ɗumin rana yake zama ni'ima. Tagogin bango da suke kallon yamma su ma haka, gara a yi musu rumfa ko a sa musu tagar ƙarfe mai ganye-ganye irin wadda aka daɗe da sani a garuruwan Nijar. Ba na ɓoye aibin zana: gara tana cinta, rana tana busar da ita har ta karye, shekara ɗaya ko biyu sai an sake, kuma wajibi ne a nisanta ta da murhu da wayar lantarki saboda gobara. Amma kuɗin sake ta bai kai na labule ɗaya na kanti ba. Labulen da ake ja da inji kuwa, wanda wasu suke gani a intanet su yi sha'awa, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cushe masa hanya.

Wannan ba ya nufin labulen ciki ba shi da aiki. Aikinsa sutura ne, kuma sutura ba ƙaramin abu ba ce a shari'a. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi dogon bayani a kan tagar da take leƙa gidan maƙwabci, suka lissafa ta cikin cutarwar da alƙali yake da ikon kawarwa, har wani magini na Tunis, Ibn al-Rami, ya wallafa littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini. Mai bene da ya buɗe faffaɗan gilashi a saman tsakar gidan maƙwabcinsa ya ɗauki haƙƙi, ko da ɗakinsa ya yi sanyi. Don haka a sa labule marar nauyi, mai haske, wanda za a iya cirewa a wanke, a bar shi ya yi aikin da ya iya.

Akwai mai cewa na'urar sanyaya ɗaki ta raba gardama. Amma mutanen Nijar ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa kamfanin NIGELEC, garuruwa suka shiga ɗauke-ɗauken wuta na tsawon watanni. Ƙauyuka da yawa kuwa har yau layin bai kai gare su ba. Ko da wutar ta wadata, a shigo da zafi ta rufi sa'an nan a biya kuɗi a fitar da shi israfi ne. Manyan masu zanen gini na yankinmu ma sun koma ga wannan fahimta: Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya karɓi lambar Pritzker a 2022, ya yi suna ne da makarantar Gando mai rufin kwano da aka ɗaga sama domin iska ta ratsa ƙarƙashinsa, Mariam Issoufou kuma ta gina masallacin Dandaji a jihar Tawa da bulon ƙasa.

Ina roƙon maginanmu da masu walda, waɗanda su ne mai gida yake fara shawarta kafin ya sayi ko da buhun siminti ɗaya, su riƙa faɗa masa gaskiya tun ana auna fili: kada a huda rufi, a kai manyan tagogi arewa da kudu, a ƙanƙanta na yamma. Wanda kuwa ya riga ya huda, to ya nemi mai saƙar asabari tun a watan Fabrairu, kafin rana ta hau.