Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

'Yan'uwanmu da yawa na Zawaciki suna neman abinci a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, wasunsu a gidajen jima. Sinadarin kuromiyam da ake jima da shi yakan jawo ƙaiƙayi da kumburin fata, zufa kuma ta ƙara tsananta shi. In ciwon a hannu ya fito, nan da nan a nemi likita. In a gaba ne kuwa, sai magidanci ya yi gum, ya sayi man shafawa a kemis, don gudun a ce ya yi zina, ko likita ya sa masa wuƙa.

Ba kowane ciwon gaba ne ake ɗauka wurin mace ba. Kumburin kan kaciya yakan zama alamar ciwon sukari. Farin tabo da aka ƙyale shekaru yana iya rikiɗewa ya zama daji. Wuƙa kuma ba dole ba ce. Likitocin fata yanzu suna da madubi mai fitila, damoskof, mai ƙara girman fata ninki 10, su ga ƙananan jijiyoyin jini ba yanka ba allura. Sai sun ga abin zargi suke ɗibar ɗan nama don gwaji.

A Littafin Firistoci sura 13, firist ne ke duba fata. Yau aikin likita ne. Namu shi ne kawar da kunya da zargi. Muna roƙon fastoci da Zumuntar Maza su yi wannan magana a fili. Ɗan'uwa, in ciwo ya ƙi warkewa, je Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ka nemi likitan fata. Iyalinka suna bukatarka.