Daga Bakin Allo: Aikin Sarki Ya Wuce Zama Ƙarƙashin Laima

Kwanan baya muna cikin darasin tarihi sai wani yaro ɗan Zango ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wai Sarkin Asante wane aiki yake yi ban da sa zinariya da zama ƙarƙashin laima?" Aji ya fashe da dariya, amma mu ba mu yi ba, domin mun san manya da yawa a Zango suna da wannan tambaya a ciki, kunya ce kawai ta hana su furta ta.

Bari mu fara da abin da ido ke gani. Duk bayan kwana 42, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae a fadar Manhyia da ke Kumasi. Da farko Sarki yakan shiga ɗakin kujerun magabatansa ya yi musu al'adarsu. Daga nan sai ya fito fili, a kaɗa tambura, hakimai su zo gaisuwa bi da bi, kowa da matsayinsa. Ba a yi wa Sarki magana kai tsaye, sai ta bakin okyeame, wato mai sandan da ke isar da magana. Kujerar Zinariya kuwa, wadda Tonawa suka ɗauka ran al'ummarsu ce, ko Sarki ba ya hawanta, ba a kuma ajiye ta a ƙasa. Ita ce Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa ya zauna a 1900, abin da ya tayar da yaƙin Yaa Asantewaa.

Gadon sarautar ma ya bambanta da namu. Mu ta wajen uba muke gado, su ta wajen uwa. Sarauniya, wadda suke kira Asantehemaa, ita ce ke gabatar da wanda zai hau daga gidan Oyoko, sannan masu zaɓen sarki su amince ko su ƙi. Haka aka yi da Otumfuo Opoku Ware II ya rasu a 1999, bayan ya riƙe sarauta tun 1970. Ran 26 ga Afrilu na wannan shekara aka naɗa Otumfuo Osei Tutu II, sarki na 16, a 2024 kuma ya yi bikin cika shekara 25. A shekarar bikin ne wasu kayan zinariya da Turawa suka kwashe suka dawo Kumasi, na Ingila a matsayin aro, wasu daga Amurka kuwa an mayar da su ɗungurungum. Kayanka ne, amma a ba ka aro! Wannan ma darasi ne.

To, ina aikin? Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Sarki ba shi da soja, ba shi da kurkuku. Ƙarfinsa yana cikin kwarjini da jin maganarsa, kuma a wurin bukukuwan nan ake sabunta su, domin hakimin da ya sauke mayafi daga kafaɗa ya cire takalmi gaban jama'a ya shaida ke nan akwai na gaba da shi. Da wannan ƙarfi ake sasanta rigimar filaye da ta gadon sarauta, da shi kuma Otumfuo ya tuɓe wasu hakimai da aka samu da hannu a haƙar zinariya ta haram, wadda ke ɓata mana koguna.

Babban misali shi ne Dagbon. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II a Yendi, gabar da ke tsakanin gidajen Abudu da Andani ta ƙara tsananta. Gwamnati ta kafa kwamitin manyan sarakuna uku, Sarkin Asante da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gonja, Otumfuo yana shugabanta. Sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya-Na. Shekara 17 ke nan ana haƙuri ana lallashi. Mahaƙurci mawadaci. Mu malaman makaranta kuma ba za mu manta da asusun ilimi da ya kafa a 1999 don taimakon ɗalibai marasa ƙarfi ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Wasu na cewa Musulmi ba shi da abin yi a fada. Gaskiya ne, abin da ake yi a ɗakin kujeru ba namu ba ne, ba kuma wanda ya ce mu shiga. Amma gaisuwa da girmama mai gari ba su saɓa wa addini ba. Tun farkon ƙarni na 19 malamai Musulmi ke yi wa sarakunan Asante rubutu da Larabci, kakanninmu kuma fataucin goro ya kawo su suka sami masauki. Shi ya sa Sarkin Zango da jama'arsa suke zuwa fada da rawunansu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, zama da mai gari lafiya kuwa shi ke kawo kwanciyar hankali ran da wata rigima ta taso tsakanin samarinmu da 'yan gari.

Amma mu ma mu dubi kanmu. Naɗin sarauta ya yawaita a zangunanmu, kowane mako da kiɗa da algaita. Idan an watse, wa ya biya wa maraya kuɗin makaranta? Wa ya sasanta gidaje biyu? Rawani ba ya aiki da kansa.

Yaron nan mun ba shi aikin gida: ya je Manhyia ranar Akwasidae mai zuwa tare da mahaifinsa, ya shiga gidan tarihin fada da aka buɗe a 1995, ya rubuto mana shafi ɗaya. Iyaye, ku ma ku gwada kai naku. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.